A tuna da masu dako a hanyar Everest

Edita, ina gaisuwa daga Agege, Legas. Jiya wani yaro a shagonmu ya nuna min bidiyo a waya, masu yawon buɗe ido suna tafiya sansanin da ke gindin dutsen Everest, dutse mafi tsayi a duniya, a Nepal, sama da mita 5,300, dusar ƙanƙara har gwiwa, su da sanda da 'yar jaka kawai, masu dakon kuwa kaya jibge a baya da igiya a goshi, wani ma takalmin roba ne a ƙafarsa wallahi. Nan take na tuna 'yan uwanmu masu ɗaukan buhun albasa a kasuwar Mile 12. Tun 1953 Tenzing Norgay, wanda shi ma da dako ya fara, ya hau ƙololuwar dutsen tare da Bature Edmund Hillary amma har yau a hotunan mai dako can baya yake. Don Allah ku yi mana rahoto kansu, nawa ake biyansu a rana?

Naku, mai karatu daga Agege