Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyar Malaman Ilimin Halittu ta Shiyyarmu

Assalamu alaikum. Mai girma shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan'uwa malamai maza da mata, ga bayanin abin da kwamitin gudanarwa ya aiwatar a shekarar da muka baro. Babban taron bara ya ɗora mana aiki guda, wato mu gyara yadda muke koyar da darasin rarraba halittu, musamman ƙananan da ido ba ya gani. Kusan duk rahoton a kan wannan yake.

Bitar babban hutu

Matsalar da ta tara mu kowa ya san ta. Littattafan da ke hannun ɗalibanmu suna nan a kan masarautu biyar ɗin da Robert Whittaker ya tsara a 1969: Monera (ƙwayoyi marasa cibiya irin su bakteriya), Protista (galibi masu ƙwaya ɗaya mai cibiya), dangin naman kaza da funfuna, tsirrai, da dabbobi. A kansu ake yi wa yaro tambaya a jarrabawar kammala sakandare. Alhali tun 1977 Carl Woese da George Fox na Jami'ar Illinois a Amurka suka kwatanta sinadarin RNA da ke cikin ribosom (wurin da ƙwaya ke haɗa furotin) na ƙwayoyi iri-iri, suka gano cewa abin da ake tarawa a Monera gida biyu ne masu nisa da juna. A 1990 Woese da abokan aikinsa suka kawo tsarin dauloli uku: bakteriya, arkiya, da masu cibiya a ƙwayar halittarsu, inda mu da itacen kuka da naman kaza da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro muka haɗu. Abin da ya fi ɗaure wa malamai kai a bitar shi ne jin cewa arkiya, duk da kamarta da bakteriya a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ta fi kusa da mu a zumunta. Kuma ba sai an je maɓuɓɓugar ruwan zafi neman ta ba, tana cikin tumbin kowace saniya, ita ce ke haɗa iskar methen da dabbar ke gyatsarwa.

An yi muhawara mai zafi. Wasu daga cikin dattawanmu suka ce kada a rikita yaro da abin da ba za a tambaye shi ba, kuma suna da hujja, domin sakamakon jarrabawa ne iyaye ke dubawa. Matasan malamai suka ce ɗalibin da ya shiga jami'a da Monera a kansa sai ya koma farko. Matsayar da aka cim ma ita ce a koyar da masarautu biyar sosai, sannan a ware darasi guda a nuna yadda tsarin ya yi ta sauyawa: Linnaeus na Suwidin ya fara da tsirrai da dabbobi a 1735, Haeckel na Jamus ya ƙara Protista a 1866, har a iso kan Woese. A ganina wannan darasin ya fi sauran amfani, domin shi ne ke nuna wa yaro cewa mutane ne suka yi rarrabar bisa hujjar da ke gabansu, kuma sabuwar hujja na iya rushe ta.

Ranar gwaji ce ta fi armashi. Maimakon hotunan littafi, mun sa kowa ya zo da nono da daddawa daga kasuwa. Aka shafa ɗigo a kan gilashi, aka busar, aka gifta shi ta harshen wuta, sannan aka bi hanyar rinin da Hans Christian Gram ɗan Denmak ya fito da ita a 1884: rini shunayya, aidin, wanki da sinadarin alkohol, sai jan rini a ƙarshe. Ƙwayar da ke da kaurin bango takan riƙe shunayyar, mai siririn bango kuwa ta saki ta ɗauki ja. A gilashin daddawa sai ga 'yan sanduna shunayya birjik, dangin Bacillus, waɗanda su ne ke ruɓar da kalwa ta zama abin miya. Wata malama da ta daɗe tana koyar da wannan babi ta ce ranar ce ta fara ganin bakteriya da idonta. Da aka ɗauke wuta, tsofaffin madubai masu karɓar hasken rana ne suka fitar da mu kunya, don haka muna roƙon makarantun da suka jibge irinsu a sito su kakkaɓe su.

Tattara tsirrai

Kwamitin tsirrai ya fara ajiyar busassun ganye, ana danne su tsakanin tsofaffin jaridu, kowanne da sunansa na Hausa da na kimiyya da wurin da aka tsinko shi. Mun jingina da ƙamus ɗin sunayen tsirrai na Hausa da J. M. Dalziel ya wallafa a 1916, sai dai sunayen kimiyya da yawa sun sauya tun daga lokacin. Gawo ya bar jinsin Acacia ya koma Faidherbia albida. Bagaruwa yanzu Vachellia nilotica ce, dakwara mai ba da ƙaro kuma Senegalia senegal, bayan da taron masana tsirrai na duniya a Biyana a 2005, da na Melbon a 2011, suka bar wa itatuwan Ostireliya sunan Acacia. Masana da yawa a Afirka ba su ji daɗin hukuncin ba, mu ma mun yi gunaguni, amma sabon sunan muke rubutawa, tsohon a ƙasansa. Aikin bai kai inda muka so ba, domin yawancin samfurin da aka kawo babu fure babu 'ya'ya, ganye kaɗai kuwa ba ya wadatarwa wajen tantancewa.

Lacca ga ɗalibai da iyaye

Da zafi ya gabato mun zagaya makarantu da lacca a kan sanƙarau, don mu nuna cewa rarraba ƙwayoyi ba haddar sunayen Latin ba ce kawai. Neisseria meningitidis, bakteriyar da ke haddasa annobarsa, nau'i ɗaya ce, amma tana da rukunoni gwargwadon rigar sukarin da ke lulluɓe da ita. Rukunin A ne ya yi ɓarnar 1996 a Arewa. Allurar rigakafin MenAfriVac da aka fara a Nijar da Mali da Burkina Faso a 2010, ta iso Najeriya a 2011, ta karya lagonsa. Sai ga annobar 2017 a Zamfara da Sakkwato daga rukunin C, wanda waccan allurar ba ta tare shi. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da allurar da ta haɗa rukunoni biyar: A, C, W, Y da X. Iyaye sun fi yin tambaya a kan dalilin da ya sa maganin kashe bakteriya ba ya taɓa mura ko zazzaɓin Lassa. Amsar tana cikin darasinmu: bairos, mai haddasa su, ba shi da bango ko ribosom irin na bakteriya da maganin zai kai wa hari, shi ya sa ma ba ya cikin dauloli ukun, hukumarsa ta raɗa suna daban take.

Kuɗi da abin da ke gaba

Ma'aji zai raba takardar lissafi a zauren taro. A taƙaice, rini da gilasai ne suka cinye mafi yawan abin da ya shigo, kuma har yanzu akwai masu bashin kuɗin wata, Allah Ya hore musu su sauke. Littafin jagorar malami da muka yi alkawarin fassarawa ya tsaya a babin Protista, saboda kwamiti bai daidaita a kan inda za a ajiye Euglena (wata ƙwayar ruwa mai kama da tsiro da dabba) da gansakuka ba. Za a gabatar da daftari biyu a wannan taron domin a kaɗa ƙuri'a.

Muna godiya ga shugabannin makarantun da suka ba mu aron ɗakin gwaji. Tattara tsirrai na gaba zai kasance a ƙarshen damina, lokacin da ciyayi ke fure. Duk wanda zai zo ya taho da jaridu, da almakashi, da littafin rubutu, idan da hali kuma ya gayyato mai maganin gargajiya ko makiyayi daga garinsu wanda ya san sunayen.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya