Iyakar da ta Jibiya ta girme ta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta sharhin da kuka buga kan rufe iyakoki, inda marubucin ya ce iyakokin Turai tsofaffi ne tun kaka da kakanni, namu ne kawai aka zana da biro. Ina da ja, kuma hujjata ita ce ƙauyen da nake zuwa aski.

Ina zaune a Balin, babban birnin Jamus. Duk bayan wata biyu nakan yi tafiyar kusan kilomita 60 gabas, in haye gadar Kogin Oda, in shiga Osinów Dolny a ƙasar Polan. Mutanen ƙauyen wajen ɗari biyu ne, amma shagunan askin ko'ina ka waiwaya ga su, don Jamusawa na tururuwa saboda araha. Su yi aski, su cika tanki, su sayi taba da tsiran alade, la'asar ta yi musu a gida. Yuro ake karɓa, mai shago kuma ta iya Jamusancin ciniki kamar yadda Bayarben Sabon Gari ya iya Hausa.

Kasuwar tana cikin kangon wata masana'antar sarrafa itace don yin takarda da Jamusawa suka gina gab da yaƙin duniya na biyu. A lokacin sunan ƙauyen Niederwutzen, ɗan'uwansa Hohenwutzen na tsallaken ruwa, duk ƙasa ɗaya. A 1945 manyan ƙasashen da suka ci yaƙi suka zauna a Potsdam, suka mai da kogin iyaka. Aka kori Jamusawan gaɓar gabas, aka zuba 'yan Polan a gidajensu, har suna aka sake. Mashigar nan ba a buɗe wa jama'a ita ba sai 1993, kasuwar ta tashi a kan haka. A ƙarshen 2007 aka daina duba fasfo.

To, iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi, Ingila da Faransa sun sa mata hannu tun 1906. Ta girmi ta Oda da shekara 39. Kuma mu ba a kwashe kowa ba, an dai bar dangi biyu da tuta biyu.

Tun 2023 Jamus ta dawo da bincike a iyakar Polan. Zuwana na ƙarshe, mu huɗu a mota, takarduna kaɗai aka daɗe ana juyawa, ga gashin aski yana ta cizona a wuya.

Naku,
Mai karatu daga Balin