Wasiƙa kan tafiyar ƙwallon besbol a iska

Assalamu alaikum aboki,

Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, ya iyali, ya ɗalibai? Ka tambaya me ya sa lissafin allo bai dace da nisan ƙwallo da ake gani a filayen besbol na Amurka ba, wasan da ake dukan ƙwallo da sanda. Laifin iska ne.

Ƙwallon tana da nauyin giram 145. Haɗuwarta da sanda ba ta wuce kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, amma gwani yana sallamarta da gudun kilomita 160 a awa, wato kusan mita 45 a daƙiƙa. A allo, sai ka ninka 45 da kansa, ka raba da 9.8 na jan ƙasa, ka sami nisan mita 200 da 'yan kai idan ta tashi a kusurwar digiri 45. A fili kuwa, da wannan gudun, mita 120 take kaiwa ko kusa da haka.

Ina sauran suka tafi? A irin wannan gudu, tirjiyar iska ta kai nauyin ƙwallon kanta, har ta ɗan ɗara. Tana kuma ƙaruwa ninki huɗu in gudu ya ninka biyu. Shi ya sa hanyar ba baka ba ce mai gefe daidai: tashi a kwance, saukowa ta fi tashin miƙewa.

Digiri 45 ɗin ma ka ajiye shi. Dukan da ya fi nisa yana tsakanin 25 da 30. Idan sanda ta sami ƙwallo ɗan ƙasa da tsakiyarta, sai ta riƙa juyawa baya, kamar sau 2,000 a minti, wannan juyin ya tallafe ta sama, ta yi kusan daƙiƙa 5 kafin ta faɗi. Sunan wani masanin kimiyya Bajamushe, Magnus, aka sa wa wannan tallafi na juyi. Amma in sanda ta shiga ƙasa da yawa, sai ƙwallo ta miƙe sama a cafe ta cikin sauƙi; in ta bi ta sama, ta dungure ƙasa.

Ka ba yara misalin filin Coors na birnin Denver, mita 1,600 sama da teku. Iskar can ba ta da kauri, ƙwallo na ƙara nisa, har tun 2002 suke ajiye ƙwallaye a ɗaki mai laima don rage musu tsalle.

A gaida mutanen gida.

Naka,
Abokinka