Auta, Maganar Keke da Gonar Baba

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kowa yana lafiya. Ka gaida Hajiya, ka ce mata sanyin nan Amurka bai kai yadda ake ba ta labari ba, wanda ya tashi a Jos ba ya tsoron hunturu. Aikin shagon gyaran kekuna yana tafiya, alhamdu lillahi.

Na turo dala 300. Ɗari ta Hajiya ce, ta magani da cefane, kada a taɓa ta. Ɗari ta keke, ɗari ta gona.

Na ji kai da samarin unguwa za ku yi doguwar tafiya a keke, daga Bukuru ta ƙauyukan Kuru zuwa wajen Barkin Ladi ku dawo, don jan hankalin mutane su daina sayar da gonaki. Wallahi na ji daɗi. A nan Amurka ana yin irinta, mahaya su biya kuɗin rajista, kuɗin ya tafi ga ƙungiyar da ke biyan manomi ya sa hannu cewa ba za a taɓa yin gini a gonarsa ba, ko ya sayar ko an gāda. Amma keken da na gani a hoton ba zai kai ka ko'ina ba. Siririn taya na kwalta ne.

Ka shiga kasuwar Katako ka nemi keken gwanjo mai taya inci 26, faɗin inci 2, mai giya. Ka ɗaga shi ka juya ƙafafun, in rim yana lilo yana taɓa robar birki a ɗaure wayoyinsa ko ka bar shi. Ka girgiza feda da kan keken, in da wasa boris ya ci, a canza a cika giris. Sarƙa kuma ka auna ta da rula: gaɓa 12 cikakku (kowace ɗaya ta ciki da ta waje a haɗe) su ba ka inci 12 daidai. In ta zarce da kashi ɗaya cikin takwas na inci ta miƙe, kuma ta riga ta ci haƙoran giyar baya, sai a canza su tare, in ba haka ba sabuwar za ta riƙa tsalle a kan hawa.

Iska ita ce inda kowa ke kuskure. Masu faci suna bugawa har taya ya zama dutse. A hanyar burji mai gargada wannan sai ya riƙa watsa ka, hannu ya mutu, tayan baya ya zame a kwana. Ga mai nauyinka, awo 30 zuwa 35 a ma'aunin iskar taya (PSI) ya isa, na baya ya ɗan fi na gaba. In kuma ya yi laushi da yawa ka daki marmara, rim ya ciji tub, za ka ga huda biyu a jere. Ka riƙe tub biyu, famfo, faci da sholisho, sifana. Kafin ka sa sabon tub ka bi cikin tayan da yatsa a hankali, ƙayar tana nan, ita ce za ta sake huda shi.

Kada ka zuba baƙin mai a sarƙa. Yana kama jar ƙura ya koma kamar yashi, ya cinye ƙarfen. Ɗigon man keken ɗinki a kowace gaɓa, ka juya, ka goge na waje da tsumma.

A burji ba za ku wuce kilomita 12 zuwa 15 a awa ba, ga hawa, ga Jos tana sama da mita 1,200. Ku tashi bayan asuba. Ruwa aƙalla rabin lita kowace awa, gora ɗaya ka haɗa ruwa lita ɗaya da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Dabino, ayaba, ƙuli-ƙuli, ka ci tun yunwa ba ta zo ba. Hular kwano dole ce. Ka san halin rashin tsaro da yankin yake ciki, ku sanar da masu unguwanni da jami'an tsaro, kada a rabu, kada keke ya shiga shukar dankalin kowa, la'asar ta same ku a gida. Hajiya ba za ta iya ɗaukar wani tashin hankali ba, ni kuma ina nesa.

Yanzu abin da ya hana ni barci. An ce Kawu yana kai masu bulo da dillalan filaye gonar Baba. Gaskiya ne? Me ya sa sai a bakin wasu zan ji? Na san ni na tafi na bar muku nauyin, ba ni da bakin faɗa sosai, amma gonar nan gādo ce, akwai rabon Hajiya da na 'yan mata a ciki. Kada ka sa hannu a kowace takarda. Ka yi masa magana da ladabi, ka ce ni na ce a jira ni. Wanda ya ga kududdufan da haƙar kuza ta bari a Bukuru ya san ƙasar da aka ƙwaƙule ba ta dawowa. Ba zai yiwu ka zaga ƙauyuka kana cewa a riƙe gona, taku tana hannun dillali ba.

Ɗarin gonar, a toshe kwarin da ruwa ya fara ci ta gefen rafi. A jera duwatsu a gicciye, a dasa jema layi-layi, tazarar taƙi ɗaya, da saukar ruwan Afrilu. Kunya a yi ta a gicciyen gangare, kada ta bi shi. Shingen kerana da ya faɗi a tayar da shi, shi ne shaidar iyaka. Abin da ya rage ka fara bin takardar mallaka da shi, ka faɗa mini nawa suka ce, zan ƙaro ƙarshen wata in Allah ya so.

Na sake faɗa, kuɗin Hajiya nata ne, kuma kada ka sa hannu a kowace takarda. Ka turo mini hoton keken kafin ka biya, da hoton kwarin.

Yayanka.