Wasiƙa Zuwa ga Aminina: Tsakanin Tattoo da Stamp

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya aiki, yaya kuma zaman nesa? Mu nan lafiya lau, sai kewarku. Saƙonka ya same ni tun makon jiya, da gangan na ƙi amsa maka ta waya, domin tambayar da ka yi ta fi ƙarfin layi biyu. Ka kuma san halina, in aka taɓo zancen kalmomi sai an yi da gaske nake yin shiru.

Labarin autanka ya ba ni dariya har da ƙwalla. Wato mai tsaron ƙofar baje kolin ya danna maka hatimi a bayan hannu don ka iya fita ka dawo, kuna isa gida yaro ya ruga yana shela wai Baba ya yi tattoo. Ka ce masa a'a, wannan stamp ne, shi kuma ya tsare ka da ido ya ce to mene ne bambancin, tunda duk tawada ce a kan fata. Sai ka rasa ta cewa, ka turo mini. Kada ka ji kunya, yaron ya yi tambayar manya.

Amsa mafi kusa tana wurin sabulu. Na tabbata kafin wannan wasiƙa ta iso ka babu ko burbushin shuɗin nan a hannunka. Fatar mutum hawa-hawa ce. Ta sama, wadda muke gani, kullum cikin zuba take tana sabunta kanta, cikin kamar mako huɗu ta canza gaba ɗaya, don haka duk abin da aka ɗora a kanta baƙo ne, ko ba a wanke ba zai tafi. A nan hatimin mai tsaron ƙofa ya tsaya. Mai yin tattoo kuwa allura yake sa wa ta huda wannan fatar ta sama, ta ajiye tawada a ta ƙasanta, zurfin milimita 1 zuwa 2. Jiki yana ɗaukar tawadar a matsayin abokin gaba, sai ya turo ƙwayoyin garkuwarsa su haɗiye ta. Su haɗiye, amma su kasa narkar da ita, sai su zauna a wurin da ita a cikinsu. Abin da ido ke gani a matsayin zane, tawada ce da jiki ya kama ya kasa fitarwa. Shi ya sa mai son rabuwa da ita sai ya yi ta sintiri wurin likita ana farfasa ta da hasken leza, kuma ba kullum take fita fes ba.

In kana son ka ba yaron labarin da zai riƙe, ka ba shi na mutumin da aka tsinta cikin ƙanƙara a tsaunukan Alps a 1991, kan iyakar Italiya da Ostiriya, wanda aka laƙaba wa suna Ötzi. Ya yi kimanin shekara 5,300 da mutuwa, amma da masana suka duba gawarsa sun ƙirga zane 61 a fatarsa, gajerun layuka na baƙin gawayi, da yawansu a ƙugu da gwiwa da idon sawu. Mutum ya mutu, sunansa ya ɓace, harshen da yake magana da shi ya ɓace, zanen yana nan. Naka hatimin ko kwana uku bai yi ba.

To amma in na tsaya a nan na cuce ka, domin ba daɗewa kaɗai ce ta raba kalmomin ba. Asalinsu ma ba ɗaya ba ne, kuma kowacce tana ɗauke da motsin hannun da ke yin aikin.

Stamp tsohuwar kalma ce a gidan Turanci, 'yar uwar stampfen ta Jamusanci, kuma ma'anarta ta farko ba ta da alaƙa da tawada ko takarda. Buga ƙafa ne a ƙasa da ƙarfi, ko daka abu. Har yau in yaro ya yi fushi yana dirka ƙafa, da wannan kalmar Bature zai faɗa. In ya ce zai yi stamp out ɗin wata cuta ko wata ɓarna, hoton da ke bayan maganar shi ne na mutum yana tattake wuta da ƙafa har ta mutu. Daga nan kalmar ta koma kan duk abin da ake dannawa bugu ɗaya ya bar siffarsa: ƙarfen da ake buga kuɗi da shi, hatimin ofis, da ita kanta alamar da ta fito. Ka ga kalma ɗaya tana nufin aikin, da kayan aikin, da sakamakon aikin.

Tattoo kuwa baƙuwa ce da ta shigo ta jirgin ruwa. A 1769 Kyaftin James Cook ya isa tsibirin Tahiti cikin jirginsa Endeavour, shi da masanin tsirrai Joseph Banks suka ga mutanen wurin suna zana jikinsu, suka rubuta kalmar da suka ji a bakinsu, wato tatau, kowa da irin nasa rubutun. Can ana aikin ne da wani ɗan abu mai haƙora kamar mataji, a tsoma shi cikin baƙi, a ɗora a fata, a riƙa ƙwanƙwasa shi da ɗan sanda, kaɗan-kaɗan, sau ba adadi. Ko da Samuel O'Reilly ya yi rajistar injin zanen mai aiki da lantarki a New York a 1891, saurin ne ya ƙaru, aikin bai canza ba: ɗigo bayan ɗigo har hoto ya haɗu. Shi stamp hotonsa a shirye yake tun kafin ya taɓa ka, bugu ɗaya an gama, kuma na bayanka a layi irin naka sak zai samu.

Wannan maimaituwar ce, a ganina, zuciyar maganar. Amfanin hatimi shi ne kada ya canza. In na yau ya bambanta da na jiya, an shiga zargin jabu. Kuma ba da bakin wanda aka buga wa yake magana ba, da bakin mai riƙe da shi ne. Hatimin da ke fasfo ɗinka ba ra'ayinka yake faɗa ba, cewa yake hukumar ƙasa kaza ta yarda ka shiga ranar kaza. Kalmarmu ta hatimi ma daga Larabci muka aro ta, inda take nufin zoben da ake rufe wasiƙa da shi, kuma ka san Manzon Allah (SAW) ya sa an yi masa zoben azurfa mai rubutu lokacin da zai aika wa sarakuna wasiƙu, saboda an gaya masa ba sa karɓar takardar da ba hatimi. Tun a Mesofotamiya, yankin Iraƙi na yau, fiye da shekara 5,000 da suka wuce, ana mirgina ɗan dutse mai sassaƙa a kan ɗanyen yumɓu don a ce wannan kaya na wane ne.

Saboda hatimi muryar mai iko ce, har tarzoma ya taɓa tayarwa. A 1765 majalisar Birtaniya ta yi dokar da ake kira Stamp Act, ta ce jaridu da takardun kotu har da katin wasa a yankunan da take mulka a Amurka dole su kasance a kan takarda mai hatimin haraji. Mutane suka yi bore, aka soke dokar a 1766, amma ɓacin ran bai kwanta ba har aka kai ga yaƙin neman 'yanci. Daga ma'anar hatimin ofis ne kuma Bature yake kiran majalisar da ba ta musu da shugaba rubber stamp, wato hatimin roba, mu kuwa mu ce 'yan amshin shata. Su sun ɗauko hoton daga teburin akawu, mu daga bakin mawaƙi.

Sai kan sarki, wanda shi ma stamp ne a wurinsu, ko da yake manna shi ake yi. Na farko a duniya ya fito a Birtaniya a watan Mayu na 1840, bisa shawarar Rowland Hill cewa mai aika wasiƙa ya riƙa biya tun farko maimakon mai karɓa. Baƙi ne, kuɗinsa peni ɗaya, ɗauke da kan Sarauniya Victoria, shi ya sa ake ce masa Penny Black. Ga abin da zai burge ka: gidan waya yana soke shi da hatimin jar tawada don kada a sake amfani da shi, sai masu wayo suka gano jar tana gogewa. Cikin 1841 dole aka juya lamarin, kan sarkin ya koma ja, tawadar sokewa ta koma baƙa. Ka ga matsalar stamp ke nan tun asali, a sama yake zaune, mai haƙuri da ɗan ruwa zai iya raba shi da wurin.

Tattoo, a yadda ake amfani da kalmar yau, akasin haka ne. Mai jikin ne ya zaɓa, shi zai ɗauka har kabari, kuma abin da yake faɗa game da shi ne: sunan wani da ya rasa, ko ƙungiyar da yake ciki, ko kuma wautar shekara ashirin da zai yi ta ɓoyewa da dogon hannun riga yana ɗan hamsin. Ba hukuncinsa nake tattaunawa ba, wannan kai da ni mun san abin da hadisi ya ce, ma'anar kalma kawai nake bi.

Akwai wuri ɗaya da kalmomin biyu suka haɗu, kuma ba wuri ne mai daɗin ambato ba. A sansanin Auschwitz da ke ƙasar Poland, lokacin yaƙin duniya na biyu, 'yan Nazi na Jamus sun riƙa zana wa fursunoni lamba a jiki, kuma a wannan sansanin kaɗai suka yi haka. Da suka fara a 1941 da fursunonin yaƙi na Tarayyar Sobiyet, wani faranti na ƙarfe suke amfani da shi mai allurai da aka jera su a siffar lambobi, a danna shi bugu ɗaya a ƙirjin mutum ta hagu, sannan a goga tawada a raunin. Daga baya suka koma allura ɗaya a hannu, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. In ka duba yadda tawadar ta shiga ƙarƙashin fata ta zauna, tattoo ne, kuma haka littattafan tarihi suke kiransa. In ka duba wanda ya zaɓa, da wanda alamar take magana da bakinsa, da yadda aka jera mutane kamar fayil, to stamp ne aka buga wa ɗan Adam. Duk lokacin da na karanta wannan sai in ga cewa ƙamus yana rarrabe kalmomin ta hanyar yadda aka yi alamar, amma zuciya tana rarrabe su ta hanyar wanda ya mallake ta. Wannan ɓangaren kada ka gaya wa yaron tukuna.

Bari in sauƙaƙa maka da abin kunyar da ya taɓa samuna. Shekarun baya, a wani wurin da na yi aikin fassara, an ba ni labari a kan bikin sojoji na birnin Edinburgh a Sukotlan, wanda aka fara a 1950, ake kuma yin sa a watan Agusta, sunansa Military Tattoo. Ni da gaggawa, ban tsaya karanta sauran ba, na rubuta kanun cewa sojoji za su yi bikin zanen jiki. Allah ya taimake ni wani dattijo a ofishin ya gani kafin ya fita. Ya cire tabarau, ya dube ni ya ce, "Malam, sojojin nan ganga za su kaɗa, ba riga za su tuɓe ba." Har na bar wurin ana tsokanata da shi.

Ashe tattoo biyu ne a Turanci, rubutu ɗaya, furuci ɗaya, ba dangin iya ba na baba. Wannan na sojoji ya girmi na Tahiti da fiye da shekara 100. Daga Holanci ya zo a ƙarni na 17, daga taptoe, wato a rufe famfon gangar giya. Da dare makaɗa kan zaga gari suna kiɗa don masu gidajen giya su daina sayar wa sojoji, su kuma su koma bariki. Daga baya kiɗan ya zama biki. Abin da ya fi ba ni mamaki da na zauna na yi tunani shi ne mu ma muna da irin wannan tagwaitakar, sai dai ta ɗaya ɓangaren. Tambari a wurinmu ganga ce, tambari kuma alamar hukuma ce ko ta kamfani. Su gangarsu ta raba suna da zanen fata, tamu ta raba suna da hatimi.

Don haka in fassara ta kama ka, kada ka nemi kalma ɗaya ta ɗauke maka stamp. Na ofis hatimi ne, na wasiƙa kan sarki, na fushi buga ƙafa. Tattoo kuma zanen jiki na dindindin, ko jarfa in kana son tsohuwar kalmar, sai dai in ka ga soja a cikin jimlar, to ka tsaya ka karanta har ƙarshe. Waɗancan hotunan da yara ke mannawa a hannu da ruwa, waɗanda ake sayarwa da sunan tattoo na wucin gadi, aron sunan kawai suka yi, a wajen aiki 'yan gidan stamp ne. Ina zargin su autanka ya sani, shi ya sa ya yanke maka hukunci nan take.

Ka ce masa ya ɗauko biro ya yi ɗan zane a bayan hannunsa, ya riƙa dubawa kowace safiya, ya ƙirga kwana nawa zai yi kafin ya ɓace, sannan ya sa ka rubuto mini adadin. Ka gaishe mini da uwargida da sauran yaran, ka kuma gaya mini ko hutun da ka ce za ka ɗauka ya tabbata, domin an daɗe ba a haɗu ba.

Wassalam.

Naka har kullum,
Amininka