Lauyana ya tayar min da maganar kuɗi ana saura kwana 9 shari'a

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ɗan ba ni fili in faɗi abin da ya same ni, ko wani zai tsira daga irinsa. Ina da ƙara a kotu kan wasu kuɗina da aka riƙe min, mun fi shekara ana je ka ka dawo, to ana saura kwana 9 a fara sauraron shaidu sai ga saƙon lauyana a waya wai in cika masa wani kuɗi da ya kusa ninka abin da muka yi magana tun farko, in ba haka ba shi fa ba zai iya tsayawa ba. Wallahi ina bakin ƙofa da takalmi ɗaya a ƙafa na karanta saƙon nan ya fi sau biyar, har na rubuta masa "Barista ka ba ni fayil ɗina kawai", sai kuma na goge.

Gogewar nan ita ta taimake ni. Da na huce sai na tambayi kaina, wane lauya ne zai karɓi kes a kwana 9 ya karance takardun shekara guda ya zauna da shaidu ya shirya tambayoyi? Kuma ɗage zama ba haƙƙinka ba ne da za ka ce dole, alƙali ne ke ganin dama, yana iya cewa a ci gaba kana tsaye kai kaɗai. Ga shi a ƙasashe da yawa doka ta ba lauya damar riƙe takardun da ke hannunsa har a biya shi. Amma shi ma ba sakaka yake ba, lauyan da sunansa ke gaban kotu ba ya tashi haka kawai ya ɓace, yawanci sai ya sanar da kai ya nemi izinin kotu, su kuma alƙalai ba sa son janyewa dab da shari'a. Kenan ni ina tsoro, shi ma akwai abin da yake tsoro.

Laifina kuwa ba zan ɓoye ba, ba mu rubuta komai ba. Na ba da kafin alƙalami muka yi musabaha shikenan, ni a zatona kuɗin har ƙarshen shari'a ne, shi kuma ya ce a'a na shigar da ƙara ne da zaman share fage, ranar shaidu lissafinta daban. Ashe ma wani lauyan a dunƙule yake caji, wani da awa, wani kaso yake ɗauka in an ci, sannan kuɗin aikinsa daban kuɗin kotu da na kai sammaci da kwafin takardu daban, ni duk na haɗa su a kaina na mai da su abu ɗaya.

Sai na je ofishinsa, ban ɗaga murya ba, na ce Barista a rubuto min lissafin dalla-dalla, kowane aiki da ranarsa da kuɗinsa. A nan na ga an saka min wani zama da aka ɗage saboda shi ne bai zo ba, na sa yatsa a kan layin, ya yi shiru ya ja biro ya soke. Abin da na yarda yana bi na, na biya nan take na karɓi rasit, sauran kuma muka rubuta cewa ban amince da shi ba za a warware bayan shari'a, shi kuma zai tsaya min ranar zama. Muka sa hannu mu biyu, kowa ya riƙe kwafi.

Lauyoyi ku yi haƙuri, na san aiki kuke kuma akwai masu cin guminku su gudu da zarar an yanke hukunci, amma ajiye maganar kuɗi sai mutum ya shiga tsaka mai wuya sannan a fito da ita, wannan matsi ne ko da kuɗin halal ɗinku ne. Me ya hana a faɗa wata uku kafin nan?

An yi zaman, ya zo, kuma tsakani da Allah ya yi aiki. Cikon dai har yanzu muna kai, in mun kasa daidaitawa ƙungiyar lauyoyi na karɓar irin wannan koke, kotu ma tana iya duba lissafin lauya ta rage in ya yi yawa, sai dai a kula galibi akwai wa'adi, ba a bari ya daɗe. Mako mai zuwa zan koma ofishinsa da rasit ɗina a ambulan.

Naka,
Wani mai karatu