Ba kowace jar zinariya ce aka yi wa haɗi ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan yadda ake yanke wa zinariya hukunci da ido kawai. Da zarar ta yi ja-ja, sai dillali ya ce an zuba mata jan ƙarfe, ya karya kuɗinta, wani lokaci har a kira mai ita maha'inci. Masu haɗi suna nan, ban musa ba. Amma na daɗe ina koyar da ilimin duwatsu, kuma ina so mutanenmu su san akwai haɗin da ba hannun mutum ya yi ba, haka Allah Ya halicce shi a cikin ƙasa.

Zinariyar da muka saba da ita, irin ta Birnin Gwari, a jijiyoyin farin dutse take zama, kuma abokiyar tafiyarta yawanci azurfa ce, mai sa ta yi haske. Akwai kuma wasu duwatsu masu nauyi da duhu da suka taso daga can ƙarƙashin ɓawon ƙasa, cike da baƙin ƙarfe da wani ƙarfe mai suna maganiziyam, silikarsu, wato sinadarin da ya yi farin dutse, ba ta kai kashi 45 cikin 100 ba. Idan ruwa mai zafi ya ratsa su, sai su rikiɗe su koma wani koren dutse mai santsi kamar fatar maciji, wanda masana ke kira safantinait. Ruwan da ke yawo a cikinsa ba shi da farar wuta sosai. Shi kuwa jan ƙarfe a galibin wurare da farar wuta yake haɗuwa ya zama tama. Da ya rasa ta, sai ya shige jikin zinariya.

Abin da ya fi burge ni shi ne haɗin yana da tsari. Idan zafi ya sauko ƙasa da kimanin digiri 400, ƙwayoyin ƙarafan biyu sukan jeru bisa ƙa'ida. Akwai haɗin da kowace ƙwayar zinariya ke da ƙwayar jan ƙarfe ɗaya. An fara bayyana shi a 1982 daga yankin Shinjiyan na ƙasar Sin. Da yake zinariya ta fi nauyi nesa, kusan kashi 75 cikin 100 na nauyinsa zinariya ce, wato karat 18 ke nan tun daga rami. Akwai kuma mai jan ƙarfe uku a kan zinariya ɗaya, wanda ya yi suna a Karabash cikin duwatsun Ural na Rasha, shi kuma wajen karat 12 ne.

Ke nan wanda ya tono irin wannan bai cuci kowa ba. Haƙƙinsa a biya shi kuɗin karat ɗin da awo ya nuna, mai saye ma ya san abin da ya saya.

Muna da wannan koren dutse a arewa maso yamma, misali a yankin Anka, kuma ya cancanci a bincike shi da kyau. Rashin sanin abin da ke tare da zinariya ya taɓa yi mana mummunar ɓarna: a 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, saboda ana niƙa dutsen a cikin gidaje. Har yau abin yana ci mini rai.

A nan Kaduna akwai ɗakin gwaje-gwaje na Hukumar Binciken Ma'adinai ta Ƙasa, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha, ga sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Roƙona a ware wa ƙananan masu haƙa rana guda a wata, su kawo zinariyarsu tare da dutsen da ta fito daga ciki, a auna musu a kan kuɗi kaɗan, a ba su sakamakon a rubuce da Hausa.

Naka,
Wani tsohon malamin ilimin duwatsu,
Tudun Wada, Kaduna